Ranar da Assoumane Ya Sa wa Fure Yis

Gidan hayarmu da ke Sukra, nan cikin Sabha, ɗaki tara ne da famfo ɗaya da mutum ɗaya wanda ya san komai. Sunansa Assoumane, mutumin Maraɗi, aikinsa kwaɓa ƙulli a wani gidan burodi da ke bakin titi. Burodinsa ba laifi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da zarar ya wanke hannu ya dawo gida da hantsi, sai ya zama likita, ya zama makanike, ya zama lauya. Ya taɓa gyara wa Malam Sanoussi, dattijon da ke jan mu salla, rediyonsa. Tun daga ranar tasha ɗaya take kamawa, ita ma da yaren da babu mai ji a gidan.

Matarsa Bassira shekara shida tana wanke kwanuka a salar biki ta Hajja Mabruka, wata Balarabiya mai gidan taron aure. Sabulu ya cinye mata hannu har tafinta ya tsattsage kamar diddigen manomi. Sai ga shi matar da ke yi wa Hajja adon furanni ta tattara ta koma ƙasarsu ana tsakiyar lokacin bukukuwa. Hajja ta duba ma'aikatanta, ta ga Bassira ce kaɗai ba ta taɓa fasa mata ko faranti ba, ta ce za ta gwada ta sau ɗaya. Akwai auren ɗan wani babban gida ranar Alhamis, uwar ango kuma ta kafe sai farin furen nan da suke kira miskir-rumi, mai dogon kara, mai ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. In furen ya kai Alhamis da ransa, Bassira ta bar wanke-wanke ke nan, ta zama mai adon sala. In ya mutu, ko kwanukan ma ba lallai ta same su ba, domin Hajja tana yafe asara amma ba ta yafe kunya a gaban manya.

Matsalar ita ce motar gonar da ake noma furen a Samnu sau ɗaya take shigowa gari a mako saboda wahalar mai, ranar Lahadi. Sala kuma tanda ce in ba a kunna janareto ba, Hajja kuwa ba ta ƙona mai sai 'yan awannin da ake taro. Shi ya sa aka sauke kara ɗari uku a tsohon ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gidanmu, wanda ko da tsakar rana sanyinsa kamar cikin randa.

Sama'ilu, wani Bakano mai ban-ruwa a gonar, shi ya kawo su. Ya tsuguna ya nuna wa Bassira komai muna tsaye muna kallo. A yanke gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsige ganyen da zai nutse a ruwa. Sukari kofin shayi ɗaya a bokiti, shi ne abincin da zai sa na saman da ke dunƙule su buɗe a hankali. A matsa rabin lemon tsami don karan ya ja ruwa. Sai warakina, ruwan nan da muke faranta wanki da shi, rabin murfi kawai, don kada ruwan ya yi yauƙi. A sauya bayan kwana biyu, a ja ƙofa, a ƙyale su. Ya maimaita a ƙyale su ɗin har sau biyu, na kuma lura Assoumane yake kallo.

Motar ba ta gama fita daga lungu ba Assoumane ya gyara hula. Ya ce wannan ilmin ƙauye ne. Shi shekara uku ya yi a lambun wani Bature a Yamai, inda ake yanke fure da Ƙaramar Salla ya kai Babbar Salla yana murmushi. Aikin kwana huɗu ai raini ne. Zai haɗa nasa ruwan, a kira shi Formil Assoumane, wato haɗin Assoumane, a zuba a kwalabe da hotonsa a jiki, a sayar tun daga Sabha har Tarabulus. Har ya nuna mana inda zai ajiye motar da zai saya, daidai wurin da muke shanya.

Bassira tana da biki a sala Litinin da Talata da Laraba, tun sassafe take fita sai magariba. Ta riƙe makullin ɗakin a hannu kamar ba za ta bayar ba.

"Baban Raudatu, gadin ƙofa kawai na roƙe ka. Yara da akuya."

"Ke dai tafi ki wanke kwanukanki na ƙarshe," in ji shi. "Kin bar su hannun likita."

Ranar Litinin da hantsi likita ya shiga duba marasa lafiya. Ya fito yana kaɗa kai, ya ce yunwa ce. Na saman duk a dunƙule suke, kuma laifin Sama'ilu ne: baƙo ya taso tun daga Samnu a tarbe shi da shayin marowaci? Ya juye sukarin ɗakinsu kaf, ya bi ɗaki-ɗaki yana karɓar na mutane da alkawarin za a sa sunansu a bayan kwalba. Bokiti goma, kowanne ya sha kilo guda, har ruwan ya yi kauri kamar na cincin.

Kafin azahar kiyashin Sukra gaba ɗaya sun samu labari. Suka jero ta ƙarƙashin katanga, suka ga hanya mafi kusa ta ɗakin Balkissa ce, suka bi ta kan katifarta. Balkissa mutuniyar Tawa ce, mai tuyar fanke, bakinta ya fi manta zafi. Ta fito tana susa da hannu biyu, ta tambayi wanda ya gayyato mata dangin miji. Assoumane ya ce ta yi murna, kiyashi ba ya taruwa a kan abin banza, waɗannan su ne masu sayen farko. Ta ce to su zo su biya kuɗin hayar gadonta, ko kuma ya kai su ɗakinsa su kwana da shi tun da shi ne mai kamfani. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Ta ce takin ne ma ya rage bai zuba ba. Na ga idonsa ya yi haske, na yi maza na ce wa Balkissa ta rufa mana asiri ta daina ba shi shawara.

Ya kewaye bokitan da toka, ya yayyafa kalanzir a bakin ƙofa. Da Bassira ta dawo ta ji wari, ya ce maganin sauro ne.

Talata ce ranar babban tunani. Ya zauna a bakin famfo ya dafe goshi, mu kuwa muna ta wanki. Can sai ya miƙe kamar kunama ta harbe shi, ya tambaye mu abin da ke sa dunƙulallen ƙulli ya buɗe ya cika kwano. Ya ce yis. Abin da ya tayar da ƙulli zai tayar da fure, duk halittar Allah ce. Turawa ma ba su gano wannan ba saboda masu lambunsu ba su taɓa kwaɓa burodi ba.

Ya bi ƙa'idar sana'arsa tiryan-tiryan, wannan kam ba a koya masa. Ya ɗumama ruwa, domin yis ba ya tashi a ruwan sanyi. Ya hana warakina, domin tana kashe yis. Ya ƙara sukari. Ya toshe tagar ɗakin da tsumma, ya kwaso barguna ya lulluɓe bokitan da furen gaba ɗaya, kamar yadda yake yi wa ƙulli. Abin da ya rage na haɗin ya ɗura a jarka mai lita ashirin, ya jefa dabino a ciki don ƙarin ƙarfi, ya sa leda a baki ya murɗe murfin da iya ƙarfinsa, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Wannan ta kasuwa ce.

Na ce masa fure ba alkaki ba ne.

"Gwaggo, da girmanki da komai, kin taɓa zuwa Yamai?"

Na ce ban taɓa ba, amma na san abin da ke samun kunun zaƙi in ya kwana a rufe. Ya ce ai kunu ba shi da formil.

Abin haushi, da la'asar da ya yaye bargunan, furen duk ya buɗe. Zafi ya tilasta su, daga ƙasa har sama, fari fat, ƙamshi har lungu. Bokitan kuma suna ta kumfa suna ƙugi a hankali. Assoumane ya kira gida kaf. Ya ce a saurara, wannan ƙarar ita ce furen ke shan ruwa. Maza suka yi ta ba shi hannu, Malam Sanoussi ya ce masha Allahu, Balkissa ta ce ita ma gawa ana yi mata ado kafin a rufe ta.

Da Bassira ta dawo na tare ta a zaure na gaya mata komai. Ta shiga ta ga fure a buɗe, ta fito ta ga miji yana karɓar gaisuwa a kan tabarma kamar sabon hakimi. Ta gaji, kuma mace takan so ko sau ɗaya a ce nata ne ya yi daidai. Ta roƙe shi dai ya buɗe taga ya raba su da bargo. Ya ce to. Washegari yana dawowa daga aiki ya mayar da bargunan, har da ƙarin ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Laraba tun kafin azahar wani wari ya taso daga ƙurya, ya danne ƙamshin, ya danne kalanzir, ya danne man tuyar Balkissa. Malam Sanoussi ya fito alwala, ya tsaya da buta a hannu yana shaƙa. Ya ce shi ya yi aiki a gonakin dabino, ya san warin lagbi, ruwan da ake tatsa daga kan dabino, kuma wannan ba na safe ba ne mai zaƙi da kowa ke sha, wanda ya kwana ne ya zama abin da ya zama. A ƙasar nan da aka haramta giya, a ji warinta a gidan baƙi, rabinsu kuma takardunsu sun daɗe da mutuwa, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wani ya je ya sa wa ƙofar waje sakata.

Assoumane ya ce jahilci ne ke damunmu, wannan warin aiki ne. Don ya tabbatar mana, ya ɗauko bokiti ɗaya ya kawo tsakar gida, ya hau bayani a kan yadda ake yi a Yamai. Ƙofar ɗakin kuwa ya bar ta a wangale.

Balkissa tana da akuya da take turke don sunan jikanta. Ba wanda ya ga lokacin da ta tsinke igiya. Sai dai muka gan ta ta fito daga ɗakin furen da farin gemu na kumfa, kara uku na leƙe a bakinta, tana tafiya a gicciye. Ta tsaya ta ƙare wa famfo kallo, ta ja baya ta tunkuye shi, ta faɗi zaune, ta yi wani kuka irin na ƙaton namiji. Ta miƙe ta nufi Malam Sanoussi ta jingina da ƙafarsa kamar tsohuwar abokiya. Balkissa ta ɗora hannu a ka, ta tambayi Malam ko naman akuyar da ta yi maye ya halatta a suna. Malam ya ce a bari ta farfaɗo tukuna, a ga ko za ta yi nadama.

A cikin ɗaki kuwa abin ba kyan gani. Akuya ta ci na bakin ƙofa, sauran sun sunkuyar da kai, gefen farin ya fara komawa ruwan ƙasa, gindin karan ya yi yauƙi kamar kuɓewa. Assoumane ya ce gaisuwa suke yi, fure mai tarbiyya ke nan. Duk da haka ya ruga wurin mai tsire ya kwaso tsinke dami guda, ya shiga ɗaure wa kowane fure tsinke a wuya da zaren ɗinki, kamar mai ɗorin karaya. Ya daka farasitamol ya barbaɗa, wai ciwon wuya ne. Da maza suka matsa masa a kan warin, ya ce wannan mai sauƙi ne, ai Sama'ilu ma ya ambaci warakina. Rabin murfi aka ce. Shi galan guda ya bi bokitan da shi, a kan ruwan da ya riga ya yi tsami.

Hayaƙin ba a ganinsa, amma ido da maƙogwaro sun gan shi. Muka zare sakata muka fito lungu gaba ɗaya, manya da yara, muna tari muna hawaye, akuya na biye da mu tana tangaɗi. Maƙwabtanmu Larabawa suka leƙo, wata tsohuwa ta tambayi wanda ya rasu. Assoumane ya fito ƙarshe, ido jawur, ya ce mata feshin maganin ƙwari muke yi, in tana so zai zo ya yi mata a nata gidan.

Balkissa ce ta buga wa Bassira waya. Kafin la'asar sai ga ta, hannunta ko bushewa bai yi ba. Ta ɗaure hanci da mayafi ta shiga, ta daɗe, ta fito riƙe da kara ɗaya mai tsinken tsire a wuya. Ba ta ɗaga murya ba. Assoumane ya fara cewa wannan mataki ne, kowace formil sai ta bi ta nan, gobe war haka za ta gode masa. Ta miƙa masa tafin hannunta biyu har kusa da hancinsa.

"Kalle su. Shekara shida. Kwana huɗu kawai na nema daga wurinka, kuma ba aiki na sa ka ba, zama na ce ka yi."

Ya ce ai zaman ne ba ya iyawa, jininsa na masu bincike ne. Ta karɓe makulli, ta ce in ya sake taka bakin ƙofar nan, shi da ita sai a gaban Malam.

Muka fitar da bokitan iska ta sha su. Ta tsince guda sittin da karansu bai gama ruɓewa ba, ta datse inda ya lalace, ta wanke, ta yi musu sabon ruwa yadda Sama'ilu ya ce, ba ƙari ba ragi. Sauran kuwa ta zauna tana cire 'yan furannin da ke da sauran fari ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ta sa a bakin randa. Ranar Alhamis da sassafe ta raba wa matan gidan allura da zare. Muka zauna muna shirya su kamar tsakiya, igiya bayan igiya, har suka kai a kewaye kujerar amarya da ƙofar shiga. Assoumane ya wuto ya ce dama abin da ya nufa ke nan tun farko, shi ya sa ya sa suka buɗe da wuri. Balkissa ta nuna masa allura, ya wuce.

Hajja Mabruka ta zo ta ga kara sittin da igiyoyin fure, ta ƙanƙance ido, ta tambayi sauran. Bassira ta ce suna cikin zaren. Hajja ta ce ita ba ta da ta cewa, bakin uwar ango shi ne alƙali.

Bikinsu ba a haɗa maza da mata. Mata na cikin sala, maza na cikin wani ƙaton tanti a waje. Mu masu girki aka ɗauko muna bayan tantin da tukwane, Malam Sanoussi kuma shi ya yanka ragunan, don haka duk abin da ya faru a idonmu ya faru. Bayan azahar wata ma'aikaciya ta fito ta ce uwar ango ta rungume Hajja, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ado ba, har ta cire igiya ɗaya ta rataya a wuyanta. Muna cikin hamdala sai ga Assoumane ya sauko daga motar haya cikin babbar riga, da jarkar nan a kafaɗa. Kwana biyu a rufe, ga tafiya a saman mota cikin rana. Ta kumbura ta yi cikin wata tara, ko zama a ƙasa ba ta iya yi daidai.

Labarin uwar ango ya riga ya shiga tanti. Assoumane ya kutsa har gaban kawun ango, wani dattijo mai gonaki, ya gabatar da kansa da Larabcinsa na kasuwa. Shi ne muhandis, wato injiniyan furen. Shekara uku a Yamai, a'a, biyar. Babu abin da ke cikin jarkar nan da bai san shi ba, ya san abin da kowanne ke yi, ya san abin da suke zama in sun haɗu. Dattawa suka matso, har limamin da ya ɗaura auren. Kawu ya ce a buɗe a gani. Malam Sanoussi ya yar da wuƙa ya taho da gudu yana ɗaga hannu, amma tsufa ba ya tsere da wauta.

Murfin bai gama juyawa biyu ba ya tashi kamar harsashi, ya ɗauke butar shayi daga kan tire. Kumfa ta bi bayansa har rufin tanti, ta dawo ruwa a kan fararen kaya, a kan rawuna, a kan akusan kuskus da aka jera yanzu-yanzu. Dabinon da ya narke ya manne wa liman a gemu. Jarkar ta kuɓuce tana juyi a kan darduma tana fesa duk wanda ta ga dama. Da ta huce, sai warin ya yi sallama. Babu dattijon da bai gane shi ba, ko da yake kowa ya yi kamar a wurin maƙwabcinsa ya taɓa jin labari.

Kawu ya share fuska, ya zaro waya. Aka kira Hajja Mabruka, ta fito bakin ƙofa, Bassira na bayanta da zare a yatsa. Hajja ta ce in dai giya mutumin nan ya dafa ya kawo mata taro, to shi da matarsa yau ne ƙarshensu a titin nan, sauran kuma tsakaninsa da 'yan sanda.

Malam Sanoussi ya shiga tsakani. Ya rantse mutumin ba mashayi ba ne, ba kuma mai dafawa ba ne, wawa ne kawai, kuma gida guda zai ba da shaida. Muka ba da shaida kuwa, ban taɓa ganin shaidar da aka bayar da zuciya ɗaya irin wannan ba. Balkissa ta kawo batun kiyashi da akuya, wani ya kawo rediyo, wani ya tuna ranar da ya yi wa kansa aski da madubi biyu. Kawu ya saurara, ya ce duk ya ji, amma da kunnensa mutumin ya ce masa ya san abin da haɗin ke zama. Masanin da ya haɗa yis da sukari da dabino ya rufe, ya san abin da yake dafawa. Saboda haka ɗaya cikin biyu: ko masani ne a kira mota ta tafi da shi, ko kuwa bai san komai ba, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai muka ga Assoumane yana tunani. Wallahi tunani yake yi, kumfa na ɗiga daga hularsa, yana auna kurkuku da "ban sani ba" ya rasa wanda ya fi sauƙi.

"To, sani dai kam, in za a bi ta ilmi..."

Kawu ya fara danna lamba.

"Baban Raudatu," in ji Bassira daga bakin ƙofa, "sau ɗaya dai. Don hannuwan nan."

Ya kalli ƙasa. Ya ce bai sani ba. Kawu ya ce na baya ba su ji ba. Ya ɗaga murya ya ce bai san fure ba, bai san ruwan fure ba, burodi kaɗai ya sani. Aka tambaye shi shekara biyar ɗin Yamai. Ya ce kwana tara ne. A lambun? A bakin ƙofa, gadi. Me ya raba shi da aikin? Ya buɗe wa shanu ƙofa don su ba lambun taki. Malam Sanoussi yana fassarawa da ƙarfi, inda Larabcin Assoumane ya gaza shi yana cikawa, har da ƙarin da ba a tambaye shi ba. Liman ne ya fara. Ya so ya danne, dabinon gemunsa ya faɗo, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, tanti kuwa ya ɗauka. Kawu ya mayar da waya aljihu, ya ce a ba muhandis bokiti da tsintsiya, ba zai bar wurin ba sai kowace darduma ta fita tas.

Hajja Mabruka ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon Assoumane durƙushe yana dirzar darduma da babbar rigarsa a naɗe, sannan ta juya ga Bassira ta tambaye ta ko a hannun wannan furen ya yi kwana uku. Bassira ta ce e. Hajja ta ce macen da ta ƙwato biki daga hannun wannan mutum babu taron da zai gagare ta. Ta kwance makullin ɗakin ajiya daga ɗaurin da ke ƙugunta ta ba ta, ta ce daga yau a nan za a riƙa ajiye fure, za ta sa a kunna masa janareto, shi kuwa maigidan iyakarsa kwanar titi.

Da yamma muka cika motar haya za mu koma Sukra, kowa ya matsa nesa da Assoumane gwargwadon yadda kujera ta bari. Ya sunkuyar da kai har muka wuce kasuwa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa, ya ce yana fata mun lura da wayon da ya yi wa Larabawan nan. Da bai yi kamar bai san komai ba, da yanzu wani zancen ake yi.

Bassira tana juya makulli a hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wayon ya yi kyau, Baban Raudatu. Ka riƙe shi. Ka ci gaba da yin kamar ba ka san komai ba har ranar da za mu bar ƙasar nan."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya ga duk motar shi ake kallo, har direba ta madubi. Ya ce ai shi ma dama abin da ya shirya ke nan.